Iskar da ake turawa rijiyar mai, da gaske tana zama a can ƙasa?

Wa alaikumus salam Malam. Naga tambayarka, kace kaji a rediyo wai a ƙasashen waje ana kama hayaƙin masana'antu a tura shi cikin tsofaffin rijiyoyin mai, man ya ƙara fitowa shi kuma hayaƙin ya zauna a can ƙasa, shine ɗalibanka suka tsare ka da tambaya ko da gaske ne, kuma idan aka zo yi a filin mai na Kolmani dake iyakar Bauchi da Gombe ba zai ɓullo a rijiyoyin mutane ya ɓata ruwan sha ba. Toh ni ilimin duwatsu na karanta kuma na yi shekaru ina aiki a gefen rijiyoyin mai a kudu, amma nan Jigawa aka haife ni, da ruwan rijiyar guga na girma, don haka na san abinda yasa maganar ruwa ce ta fara zuwa ran yaran nan.

Da gaske ne, ana yi, kuma ba yau aka fara ba. Tun 1972 aka fara a wani filin mai da ake kira SACROC a jihar Teksas ta Amurka. Sai dai ba hayaƙin gaba ɗaya ake turawa ba, iska ɗaya ake tacewa daga cikinsa, kabon dayoksaid, wadda zan riƙa ce mata iskar kabon. Itace take tsiyaya idan ka buɗe lemon kwalba, itace take kumbura fanke, itace muke fitarwa in mun yi numfashi. Kar a haɗa ta da wadda take kashe mutane in sun kwana da janareta a ɗaki, waccan kabon monoksaid ce, guba ce ko kaɗan ka shaƙa, ita kuwa wannan sai ta taru da yawa ta kore iskar numfashi take illa.

Abu na farko da zaka cire wa yara daga kai shine tunanin cewa mai yana kwance a ƙasa kamar tafki ko wani ƙaton tanki. Babu wani kogo a can. Dutse ne, galibi yashi ne da ya daskare tun zamanin da, ko dutsen farar ƙasa, kuma man yana maƙale ne a 'yan ƙananan ƙofofin dake tsakanin ƙwayoyin yashin, kamar yadda ruwa yake zama a jiƙaƙƙen yashin kogi in ka tona da rani. A samansa kuma akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse na laka ko na gishiri wanda ba abinda yake ratsa shi, shine murfin, shi ya hana man da gas ɗin gudu sama na tsawon shekaru miliyoyi. In babu murfin nan babu rijiyar mai, da tuni ya tsiyaye.

Yanzu ka tuna yadda iyayenmu mata suke matsar man gyaɗa. An soya, an kai inji an markaɗo, tun kafin a taɓa zaka ga wani mai ya taso da kansa a saman roba. Wannan shine matakin farko a rijiyar mai, matsin dake ƙasa ne yake turo shi da kansa, kuma abinda ake samu a haka bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ko sama da haka kaɗan ba. Sai a zuba a turmi ana juyawa ana yayyafa ruwan zafi, mai ya ƙara fitowa sosai, toh a filin mai ma haka ne, ana haƙa wasu rijiyoyi a gefe a dinga tura ruwa ya koro man zuwa rijiyar da ake ɗiba, da wannan ake kaiwa kashi 20 zuwa 40. Amma duk wadda ta taɓa matsa ta san tunkuzar nan har yanzu akwai mai a jikinta, ko ta matse har hannunta yayi ciwo ba zai fito ba, shi yasa manyan kamfanonin man gyaɗa suke wanke tunkuzar da wani sinadari da yake narkar da ragowar man ya fito dashi. Aikin da iskar kabon take yi a ƙasa kenan. Fiye da rabin man yana nan maƙale a dutse, ruwa ya wuce ta gefensa don ruwa da mai basa haɗuwa, ita kuma iskar tana shiga jikin man.

Yadda take iya haka shine, idan ka matse iskar kabon da ƙarfin da ya kai kusan ninki 74 na matsin iskar da muke ciki, kuma zafi ya wuce digiri 31, sai ta koma wani hali na tsaka-tsaki, nauyinta ya kusa na ruwa amma tana ratsa ƙofofi kamar iska. Ana samun wannan yanayin da zarar an wuce zurfin mita 800, shi yasa ba a ajiye ta a wuri mara zurfi. A wannan halin tana cuɗanya da ɗanyen mai, man ya kumbura, kaurinsa ya ragu ya tsinke, ya saki jikin dutsen ya fara tafiya, kamar dai bakanike yana wanke baƙin gires a hannunsa da kananzir bayan ruwa da omo sun kasa. Matsalarta ɗaya rashin kauri, tana son bin hanya mafi sauƙi ta zarce ta bar man a baya, don haka sai a dinga turawa bi da bi, a tura iska na wani lokaci a tura ruwa, a sake tura iska. Da haka ake ƙara samun wajen kashi 5 zuwa 15 na man da yake wurin tun asali, kuma a babban fili wannan ganga miliyoyi ne.

Toh ina iskar take zuwa? Wani kaso yana dawowa sama tare da man, a raba su a matse ta da kwamfiresa, wato injin matse iska, a sake mayarwa, haka za ayi ta juyawa shekara da shekaru, kuma kamfani baya wasa da ita don da kuɗi ya saye ta. Duk zagaye wani kaso yana maƙalewa a ƙasa. Wata tana taruwa a ƙarƙashin murfin nan ta tsaya. Wata tana rabuwa ƙanana ƙanana ta maƙale a ƙofofin dutse yadda ko ka so ka fito da ita ba zata fito ba, irin ruwan da yake saura a soso bayan ka matse. Wata ta narke a ruwan gishirin dake can ƙasa, kuma ruwan da ya sha ta yafi nauyi, sai ya nitse ƙasa maimakon ya taso. Wata kuma a hankali, cikin ɗaruruwa ko dubban shekaru, ta haɗu da ma'adinan dutsen ta zama dutse ita ma. Wato kullum shekaru suna tafiya ajiyar tana ƙara ƙarfi ne, lokacin da yafi haɗari shine lokacin da ake kan turawa da 'yan shekarun bayansa.

Akwai inda aka gwada aka auna. A Weyburn dake Kanada an fara a shekarar 2000, ana kawo iskar ta bututu mai tsawon kilomita kusan 320 daga wata masana'antar sarrafa kwal a Dakota ta Arewa cikin Amurka, masana daga ƙasashe da yawa suka yi shekara 12 suna bibiya, kuma zuwa yanzu an ajiye fiye da tan miliyan 30 a wurin. A Norwe akwai filin gas na Sleipner a cikin teku, tun 1996 suke turawa, su ba don mai ba, don gwamnatinsu ta sa haraji akan sakin iskar tun 1991, kuma suna ɗaukar hoton ƙarƙashin ƙasa lokaci zuwa lokaci da wata na'ura mai aika girgiza, kamar sikanin da ake yiwa mai ciki, ana ganin inda iskar ta bazu. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a rahotonsa na 2005 yace wurin da aka zaɓa da kyau kuma ake kula dashi zai iya riƙe sama da kashi 99 cikin 100 har shekara 1000. Ka lura da sharaɗin, an zaɓa da kyau kuma ana kula.

Nan ne nake so ka tsaya da yaran sosai, don tsoron da suke ji yana da tushe, kawai sun ɗora shi a inda ba nan yake ba. Dutsen ba shine abin tsoro ba, murfin da ya riƙe gas shekara miliyoyi zai riƙe iskar kabon. Abin tsoro ramukan da mu muka huda ne. Tsohon filin mai zaka samu rijiyoyi ɗaruruwa wani ma dubbai, kowace ta huda murfin nan ta wuce, kowace an zura mata kesin na ƙarfe an zuba siminti a gefe, irin yadda masu burtsatse suke yi amma mai zurfin gaske. Wasu an haƙa su shekara 50 ko 60 da suka wuce, wasu an toshe su da gaggawa, wasu ma takardunsu sun ɓata. Ita kuma iskar kabon in ta haɗu da ruwa tana yin tsami, tsamin yana cin ƙarfe yayi tsatsa, yana kuma taɓa siminti musamman wanda tun farko ba a zuba shi da kyau ba. Kamar rumbu ne, ginin lafiya lau amma ɓera ya huda ta gindi. Na taɓa tsayawa akan wata tsohuwar rijiya da aka rubuta an rufe ta tuntuni, muka ɗaura agogon auna matsi sai gashi allura ta motsa, alamar wani abu yana tasowa ta bayan kesin. Wannan ba rijiyar iskar kabon bace ma, gas ne, amma tun ranar bana yarda da takarda sai na ga awo.

Hanya ta biyu da iskar zata iya samun mafita ita ce a cika matsi fiye da abinda dutsen zai ɗauka. A In Salah cikin saharar Aljeriya sun tura kusan tan miliyan 3.8 daga 2004, tauraron ɗan adam ya nuna ƙasar wurin tana ɗan ɗagowa, bincike ya nuna alamar matsin yana buɗe tsagogi a ƙasan murfin, sai suka dakatar a 2011. Iskar bata ɓalle ta cikin dutsen ta fito ba, amma an tsaya ne saboda akwai masu kallo kuma an saurare su.

Maganar ruwan sha kuwa, rijiyar guga ko burtsatsen gari mita goma-goma ne, mai zurfi ya kai ɗari ko sama da haka kaɗan, shi kuwa dutsen mai yana kilomita 1 zuwa 3 a ƙasa, tsakaninsu shimfiɗu ne na laka da dutse masu yawa. Ba zata ratso su haka kawai ba. In ta samu hanya ta tsohuwar rijiya ta shigo ruwan sama-sama, ruwan zai ɗan yi tsami, tsamin ya narko ƙarfe da wasu ma'adinai daga ƙasa, ko kuma matsin ya turo ruwan gishirin can ƙasa ya haɗu da mai daɗi, wannan na biyun ma ni yafi damuna. A Weyburn ɗin nan a 2011 wasu manoma sun kai ƙorafi cewa iskar tana fitowa a gonarsu, aka zo aka yi bincike aka gano daga ruɓewar ciyayi da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa take, ba daga rijiyar ba. Abinda ya taimaka wajen rabewa shine akwai awon ƙasar yankin da aka riƙa ɗauka tun farkon aikin. Don haka duk garin da aka ce za a kawo masa irin wannan, abu na farko da dagaci da mutanen gari zasu nema shine a auna ruwan rijiyoyinsu da iskar cikin ƙasar gonakinsu kafin a tura ko tan ɗaya, a basu kwafin sakamakon su ajiye a hannunsu.

Sai bututun da yake kawo iskar zuwa rijiyar. Iskar kabon ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, bata da launi, bata kamawa da wuta, in ta fita da yawa kwari take bi ta kwanta. Masu yasar tsohuwar rijiya a ƙauyukanmu sun san wannan tun kafin a zo da boko, shi yasa mai hankali yake fara zura fitila, in ta mutu baya shiga. A Kamaru ranar 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos ya amayo iskar da ta taru a ƙasansa, ta gangara kwari cikin dare ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi kusan 3,500, da yawa daga cikinsu shanun Fulani makiyaya. Wancan daga Allah ne, tafki ne akan tsohon dutse mai aman wuta, kuma iskar dake maƙale a ƙofofin dutse ba zata iya fitowa lokaci ɗaya haka ba. Amma bututu zai iya fashewa. A Fabrairun 2020 kusa da ƙauyen Satartia a jihar Misisipi, ruwan sama mai yawa yasa ƙasa ta zame bututun ya tsage, mutum 45 suka je asibiti, aka kwashe wajen 200, motoci suka dinga mutuwa a hanya don inji ma yana buƙatar iskar da muke shaƙa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ka auna wannan da yadda ake fasa bututu a ƙasar nan.

Yanzu ɓangaren da rediyo bata cika faɗa ba, wai shin maganin ɗumamar yanayi ne? Ni a ganina sana'ar mai ce da farko, ajiyar iskar riba ce ta gefe. Ka duba, mafi yawan iskar da aka yi ta turawa a Amurka shekaru da yawa ba daga hayaƙin masana'anta take ba, haƙo ta ake yi daga inda Allah ya ajiye ta a ƙasa, kamar McElmo Dome a Kolorado da Bravo Dome a Niyu Meziko, a ja ta ɗaruruwan kilomita a mayar da ita wani ramin. Wannan bai rage komai a sama ba. Sannan ganga ɗaya ta mai, lita 159, in aka ƙona ta tana sakin wajen kilo 430 na iskar kabon, abinda ake bari a ƙasa don fito da gangar nan kuma a yawancin filaye tsakanin kilo 300 ne zuwa 600. Kaga kusan an tashi canjaras kenan, in ka ƙara wutar da kwamfiresa da matatar mai suka ci ma sai lissafin ya karkata. Masu goyon baya suna cewa ai da ma za a haƙo man a wani wuri, gara wannan da ya bar wani abu a ƙasa, kuma maganarsu akwai gaskiya a ciki in dai iskar daga masana'anta aka kamo ta. Amma kamfanin mai burinsa ya kashe iska kaɗan ya samu mai da yawa, mai son gyaran yanayi burinsa a binne iska da yawa, ba hanya ɗaya suka dosa ba sai in gwamnati ta biya kuɗin binnewar, kamar dokar Amurka ta 2022 da a lokacin ta sa rangwamen haraji dala 60 kan kowane tan da aka tura rijiyar mai, dala 85 in an binne ta kawai ba tare da ɗibar mai ba.

Kamo iskar ma shine mai tsada, don a hayaƙin tashar wuta mai kwal bata wuce kashi 12 zuwa 15 ba, a mai gas ma wajen kashi 4 ce, sai an wanke hayaƙin da sinadari a dafa sinadarin ya sake ta. Petra Nova a Teksas an kashe mata kusan dala biliyan 1, ta fara aiki a 2017, da farashin mai ya faɗi a 2020 aka rufe ta, sai 2023 aka sake kunnawa. Duk duniya abinda ake kamawa a shekara wajen tan miliyan 50 ne, abinda ake saki daga mai da kwal da gas kuma ya kai tan biliyan 37.

A wajenmu kuwa, nan Kano da yammacin Jigawa ƙasanmu dutsen ƙanƙara ne irin wanda kake gani a Dutse da Birnin Kudu, bashi da ƙofofin ajiye komai, masu burtsatse sun san yadda yake cin bakin injinsu. Ta gabas wajen Gumel da Haɗeja yashi da laka ne na yankin tafkin Chadi, amma ba a haƙo mai a nan, don haka ba wanda zai zo ya tura iska a ƙarƙashin gonarka. Kolmani dake iyakar Bauchi da Gombe, wanda aka sanar da samun mai a 2019 kuma shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya ƙaddamar a Nuwamban 2022, sabon fili ne, ita kuma wannan dabarar ta tsohon fili ce da ya gaji, wanda ya riga ya wuce matakin farko da na ruwa. In ranar ta zo akwai kamfanin siminti na Ashaka a jihar Gomben, kuma siminti yana cikin sana'o'in da nake ganin kamun iskar ya dace dasu da gaske, don dutsen farar ƙasa da kansa yake sakin ta in an gasa shi, ko da wace irin wuta ka gasa. Inda tafi dacewa yanzu shine Neja Delta, tun Oloibiri a 1956 ake huda wurin, man mara kauri ne irin wanda yake cuɗanya da iskar da sauƙi, zurfin ma ya isa. Amma wurin da har yau ake ƙona gas a sarari dare da rana, ni a ganina kashe waccan wutar ya kamata a fara yi, yafi sauƙi yafi araha, gas ɗin ma kuɗi ne. Kuma kafin a tura komai a doka ta fayyace waye zai cigaba da auna rijiyoyin nan bayan man ya ƙare kamfani ya naɗe kayansa, da kuɗin wa, har shekara nawa, don iskar zata daɗe a wurin fiye da kamfanin da ya tura ta.

Su kuma ɗalibanka, in kana so su gani da idonsu ba sai an je ɗakin gwaji ba. Ka samu jar kanwa ko ungurnu ka daka, ka zuba a kofi mai zurfi, ka tsiyaya ruwan tsamiya mai kauri ko na lemon tsami akai, kumfar da zata taso iskar kabon ce. Ka bari ta ɗan lafa kar a girgiza kofin, sai ka kunna ashana ka zura a hankali, tun kafin ta taɓa ruwan zata mutu. In kumfar tayi yawa ka karkata bakin kofin akan guntun kyandir mai ci kamar kana zuba ruwa, ba tare da ruwan ya zubo ba, su ga wutar ta mutu da abinda basa gani. Daga nan sai ka tambaye su me yasa mai yasar rijiya yake fara zura fitila.